NBA 2K26 a ma'aunin Jere: wasa mai daɗi, ƙofofi masu kuɗi

Da yammacin kowace Juma'a, bayan an rufe ofisoshin Sakatariyar Tarayya, akwai rukunin ma'aikatan da ba Kubwa ko Nyanya suke nufa ba. Sukan bi ta Dutsen Alhaji, su ratsa Bwari, su gangara Jere da ke Ƙaramar Hukumar Kagarko a Jihar Kaduna, inda wasu ke sauka, wasu kuma su miƙe hanyar Kagarko da Kwoi har Kafanchan. Tsadar hayar gida a Abuja ce ta raba da yawansu gida biyu: aiki a birnin tarayya, iyali a garin da albashi zai iya riƙe su. A bayan mota akwai burodi da ɗan cefane, a cikin waya kuma akwai jerin buƙatun da aka turo tun ranar Litinin.

A watan Satumba na 2025, a gidajen da ke da samari da na'urar PlayStation, wata buƙata ta ƙaru a jerin. Ranar 5 ga Satumba, 2025 aka fitar da NBA 2K26, sabon zubin wasan bidiyo na ƙwallon kwando da kamfanin Visual Concepts ke ƙerawa, 2K kuma ke sayarwa a ƙarƙashin uwar kamfani Take-Two Interactive ta Amurka. Masu sharhi a ƙasashen waje sun gama auna shi da ma'auninsu, a ɗakunan da wuta ba ta ƙiftawa kuma intanet ba ya yankewa. Tambayar da ta shafi magidancin da ke kan hanyar Jere ta bambanta da tasu: idan aka kai wannan wasa gida, me za a samu, me kuma zai ci gaba da fita daga aljihu bayan an biya kuɗin farko?

Amsar a taƙaice ita ce, a cikin fili wasan ya yi kyau ƙwarai, har ya fi na bara. Amma an gina shi ne kamar gida mai ƙofofi da yawa, kowace ƙofa da mai karɓar kuɗi a bakinta. Wanda ya san ƙofar da zai tsaya zai more. Wanda ya miƙa wa yaro katin banki ya juya baya, shi ne zai ba da labari.

Abin da ke cikin faifan

Jerin wasannin NBA 2K ya faro ne a 1999 a kan na'urar Dreamcast ta kamfanin Sega, da hoton Allen Iverson a bango. Tun daga lokacin kowace shekara sai an fitar da sabo. Babban abokin hamayyarsa, NBA Live na kamfanin EA, bai sake fitowa a manyan na'urori ba tun bayan zubin da aka saki a 2018. Ke nan yau duk mai son cikakken wasan gasar NBA a talabijin ɗinsa, rumfa ɗaya ce tak a kasuwar, kuma kowa ya san yadda ciniki yake kasancewa a irin wannan rumfa.

Bangon NBA 2K26 na ɗauke da Shai Gilgeous-Alexander, ɗan Kanada da ya jagoranci Oklahoma City Thunder ta lashe kofin NBA a watan Yunin 2025 bayan wasa bakwai da Indiana Pacers, wanda a kaka guda ya haɗa kyautar gwarzon gasa da ta gwarzon wasannin ƙarshe da ta wanda ya fi kowa zura maki. Akwai zubin da ke ɗauke da Angel Reese ta gasar mata ta WNBA, da wani mai ɗauke da Carmelo Anthony. Wasan ya fito a PlayStation 5 da PlayStation 4, da na'urorin Xbox, da Nintendo Switch tsohuwa da sabuwa, da kuma kwamfuta.

A nan akwai tarkon farko, kuma ya fi kama mutanen wannan yanki. Suna ɗaya ne, bango ɗaya ne, amma wasan iri biyu ne. Wanda ke kan PlayStation 5 da Xbox Series da kwamfuta shi ke ɗauke da sababbin abubuwan da ake yi wa talla. Na PlayStation 4, wadda ake yawan gani a gidaje da shagunan gem na Najeriya, tsohon gini ne da aka sabunta masa sunayen 'yan wasa da riguna. Wanda ke da zubin bara ko na bara waccan a kan PlayStation 4, idan ya sayi na bana, kusan kayan da ke ɗakinsa ya sake saya.

A cikin fili

Ga wanda ƙwallon ƙafa kaɗai ya sani, ƙa'idar ba ta da wuya. Mutum biyar ne a kowane ɓangare, kwandon na sama da ƙasa da mita 3.05, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 24 kacal ta yi jifa ko ta rasa ta. Jifan kusa maki biyu ne, na bayan layin nesa maki uku. Saboda haka babu zancen riƙe ƙwallo a baya ana cin lokaci. Kowace daƙiƙa sai an yanke shawara.

Ƙarfin NBA 2K26 yana cikin motsin 'yan wasa. Tun daga zubin 2K24 kamfanin ke amfani da wata fasaha da ya kira ProPLAY, wadda ke ɗaukar hotunan bidiyo na wasannin gaske ta mayar da su motsin da ake sarrafawa da hannu, maimakon a sa wani a ɗakin ɗaukar hoto ya kwaikwayi taurarin. A bana an sake gyara yadda ƙafa ke taka ƙasa. Tsohon aibin nan da ɗan wasa ke sulalewa a fili kamar wanda ke kan santsi ya ragu sosai. Idan mutum ya tsaya, ana ganin nauyin jikinsa ya sauka a ƙafa ɗaya. Idan zai juya, sai ya dasa ƙafa tukuna. Wannan ba kwalliya ba ce kawai, domin mai tsaron gida yanzu yana iya karanta inda abokin karawarsa ya nufa daga kafaɗa da ƙugu, kamar yadda ake yi a filin gaske.

Taurarin ma ba su zama abu ɗaya da fuska daban-daban ba. Gilgeous-Alexander yana tafe a hankali kamar wanda ba ya sauri, sai ya taka birki kwatsam ya ɗaga daga tsakiyar zango. Stephen Curry yana sakin ƙwallo kafin mai tsaro ya ɗaga hannu. Nikola Jokić, duk da nauyin jikinsa, yana raba ƙwallo daga inda ba a zata ba. Wanda ya ɗauki ƙungiya bai san halin mutanenta ba, zai sha kashi ko da taurari ne cike da ita.

Jifa shi ne zuciyar wasan, kuma a nan aka yi gyaran da ya fi muhimmanci. Hanya biyu ce. Ko dai a danne maɓalli a sake shi daidai lokacin da ƙwallo ke barin yatsun ɗan wasa, ko a ja sandar dama ta madannin hannu ƙasa sannan a tura ta sama da irin saurin da ɗan wasan ke ɗaga hannunsa. Idan lokaci ya yi daidai, alama kan yi kore, ƙwallo ta faɗa raga. Babban ƙorafin da aka yi wa zubin bara shi ne sa'a ta yi yawa a ciki: mutum ya yi komai daidai ya ɓarar, wani ya yi shirme ta shiga. A bana, musamman a matakai masu wuya da karawar intanet, an mayar da al'amarin ga hannu. Wanda ya dace da lokaci ya ci, wanda ya kuskure ya rasa. Wannan ya sa koyo ke da riba, kuma akwai sashen koyarwa mai suna Learn 2K da ke bi da sabon shiga daki-daki.

Ba a rasa abin sūka ba. Da zarar mutum ya kama lokacin jifan ɗan wasa ɗaya, kai hari kan fi tsaron gida sauƙi, har wasa ya koma ruwan maki uku-uku. Yawan maɓallan da ake haɗawa yana iya gajiyar da wanda ya saba da sauƙin wasan ƙwallon ƙafa. Masu sharhin cikin wasan, ƙarƙashin muryar Kevin Harlan, suna da daɗin saurare, amma bayan mako biyu za a fara haddace maganganunsu. Sannan tallace-tallace sun yi yawa. Kusan kowane shafi da aka buɗe akwai abin da ake so a saya.

'Yan gida a kan allo

Ɗan Najeriya ba baƙo ba ne a wannan wasa. Akwai Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka haife shi a Girka, shi ne ma a bangon zubin 2K19. Akwai Bam Adebayo na Miami Heat da OG Anunoby na New York Knicks, da Josh Okogie da aka haifa a Legas. A ɓangaren mata akwai Nneka Ogwumike da Arike Ogunbowale. A cikin tsofaffin ƙungiyoyin da aka tanada akwai Houston Rockets ta kakar 1993 zuwa 1994, inda uba zai iya ɗaukar Hakeem Olajuwon ya nuna wa ɗansa yadda wani matashi daga Legas, wanda ya fara da tsaron raga a ƙwallon ƙafa, ya zama zaɓin farko a ɗibar 'yan wasa ta 1984, ya kuma ɗauki kofi biyu a jere a 1994 da 1995.

Ga mutumin Jihar Kaduna kuwa, sashen da ya fi kusa da gida shi ne na tafiyar da ƙungiya, wato MyNBA da MyGM. A nan mutum ba ɗan wasa ba ne, shugaban ofis ne: yana duba kasafi, yana ƙulla kwantiragi, yana musayar 'yan wasa, yana amsa tambayar mai ƙungiya idan sakamako ya ƙi kyau. Duk wanda ya taɓa kare kasafin ma'aikatarsa a gaban kwamiti zai gane ɗanɗanon abin. Wannan ita ce kujerar da Masai Ujiri ya zauna a kai a zahiri. A Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallon kwando, ya zama gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na NBA a 2013 yana Denver, sannan ya haɗa tawagar Toronto Raptors da ta ci kofi a 2019, kafin su rabu da ƙungiyar a watan Yunin 2025. Sashen yana ba da damar komawa zamanin Magic Johnson da Larry Bird, ko na Michael Jordan, ko na Kobe Bryant, a sake rubuta tarihi daga can. Abin da ya ƙara masa daraja a garuruwa irin Jere shi ne ana iya shafe watanni ana buga shi ba tare da an ƙara ko kwabo ba.

Fitowar wasan ta zo ne wata guda bayan D'Tigress sun doke Mali da ci 78 da 64 a Abidjan ranar 3 ga Agusta, suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere ƙarƙashin koci Rena Wakama, shekara guda bayan sun zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na gasar Olamfik a Faris. Don haka ba ƙaramin abu ba ne cewa a NBA 2K26, karo na farko, an shigar da 'yan wasan WNBA cikin sashen tara katuna na MyTEAM, suna buga wasa tare da maza a tawaga ɗaya. A gidan da madannin hannu ke hannun 'ya'ya maza kaɗai, 'yan mata sun sami hujjar neman layinsu.

Ƙofa ta farko: kuɗin saye

Farashin zubin talaka a Amurka lokacin fitowarsa dala 69.99 ne. A canjin Satumban 2025 na kusan Naira 1,500 kan kowace dala, ya kama kimanin Naira 105,000, kafin ɗan kasuwar Banex ko na intanet ya ɗora ribarsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, Naira 70,000 ne. Ke nan faifai ɗaya ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata ɗaya da rabi. Zubin da ke ɗauke da Carmelo Anthony dala 99.99 ne, mafi tsadarsu kuma dala 149.99, wato kusan Naira 225,000. Ita kanta PlayStation 5 mai cin faifai an ƙara mata kuɗi a Amurka a watan Agustan 2025 zuwa dala 549.99, abin da ya kusa mafi ƙarancin albashi na shekara guda cur.

Sannan kantin PlayStation na intanet ba shi da reshen Najeriya. Masu na'urar kan buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, su riƙa sayen katin kuɗi daga dillalai. A nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi: katin wata ƙasa ba ya shiga asusun wata ƙasar, kuma idan an riga an kankare lambar, mai sayarwa ba zai karɓa ba.

Ƙofa ta biyu: data da wuta

Sayen faifai ba ya nufin an gama. Wasan na cin gomman gigabait, kuma tun ranar farko akwai gyare-gyaren da sai an sauke su daga intanet, wasu kuma na biyo baya duk bayan 'yan makonni. A ofishin Abuja mai wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, wannan aikin sa'o'i kaɗan ne. A gidan da ya dogara da ɗan akwatin data ko wayar hannu, aikin kwana da kwanaki ne, kuma a farashin da ya tashi tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Dabarar da ta fi ita ce a sauke komai a Abuja kafin a ɗauki na'urar zuwa gida.

Wuta ma lissafi ce. PlayStation 5 na jan kimanin wat 200 idan ana wasa, ban da talabijin da fanka. Idan aka ɗauke wuta, sai ƙaramin janareta, ga fetur da ya haura Naira 800 a lita a Satumban 2025. Kuma yankewar wuta ba ɗaya take ba a kowane sashe: a wasan gida, a sake kunnawa ne kawai, a karawar intanet kuwa, ana iya lissafa ta a matsayin guduwa daga fili, mutum ya rasa wasan da ladan da ke ciki.

Babbar matsalar ita ce wadda kuɗi ba ya magancewa nan take. An ce jifa a bana ya dogara ne kacokan kan dacewa da lokaci, kuma tazarar dacewar ba ta kai ƙiftawar ido ba. A karawar intanet, duk maɓallin da aka danna sai ya yi tafiya zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ke ƙetare sannan ya dawo. Yaron da ke Landan kusa yake da su. Wanda ke Jere ko Kafanchan, a kan layin waya mai hawa da sauka, yana sakin ƙwallo ne a makare ba don hannunsa ya gaza ba. Gyaran da ya sa wasan ya zama na adalci a ɗaki ɗaya, shi ne ya sa ya zama na rashin adalci a tsakanin nahiyoyi. Bayan haka, karawar intanet a PlayStation na buƙatar rajistar PlayStation Plus, wadda ita ma kuɗi ce ta wata-wata ko ta shekara.

Ƙofa ta uku: kuɗin da ba kuɗi ba

Sashen da samari suka fi ƙauna shi ne MyCAREER, inda mutum ke ƙirƙirar ɗan wasansa, da tsayinsa da kamanninsa, ya raine shi har ya zama tauraro. Labarin bana, mai suna Out of Bounds, na wani matashi ne daga ƙaramin gari da masu farautar 'yan wasa ba su san da zamansa ba, wanda sai ya bi ta ƙananan gasanni da Turai kafin ya isa NBA. Labari ne da yaron kudancin Kaduna zai ji a jikinsa. Sai dai sashen ba ya buɗewa sai da intanet, ko da mutum shi kaɗai yake son bugawa. Wasan da ke ba da labarin yaron da aka manta da shi a ƙauye, bai tanadi hanyar da yaron ƙauyen gaske zai buga shi ba.

A nan ne kuɗin cikin wasa, wanda ake kira VC, ke shigowa. Ɗan wasan da aka ƙirƙira yana farawa ne da daraja 60 cikin 99: ba gudu, ba tsalle, ba saiti. Kowane ƙarin ƙarfi da VC ake sayensa, haka takalmi da riga da aski. Ana samun VC ta hanyar buga wasa, amma kaɗan-kaɗan, ta yadda sai an shafe makonni ana shan kashi. Ko kuma a saya: tarin VC 200,000 na kan dala 49.99, kusan Naira 75,000, kuma kusan abin da ake buƙata ke nan a ɗaga ɗan wasa ɗaya zuwa matakin da zai iya gogayya. Idan yaro ya gano cewa ya yi kuskuren tsara jikin ɗan wasansa, sabon da zai ƙirƙira daga 60 zai fara. Bugu da ƙari, duk bayan kimanin mako shida ana buɗe sabon zango da tikitinsa na musamman, shi ma na sayarwa.

Wannan ba kuskure ba ne, tsari ne. A rahotannin kuɗi na Take-Two, fiye da kashi uku cikin huɗu na cinikin kamfanin gaba ɗaya, har da wasanninsa na waya, yana fitowa ne daga abin da mutane ke ci gaba da kashewa bayan sun shiga wasa, ba daga sayen farko ba. Faifan ƙofar gida ce kawai; kasuwar tana ciki.

Sashen MyTEAM ya fi buƙatar idon iyaye. Ana sayen ƙunshin katuna ne a rufe, ba a san wanda ke ciki ba sai an buɗe, da walƙiya da kiɗa da jan rai. Ana iya dacewa da tauraro, an fi dacewa da tarkace. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018, abin da ya tilasta wa 2K dakatar da sayar da ƙunshin da kuɗi a ƙasar. A 2019 ma tallan 2K20 ya jawo surutu saboda ya nuna na'urori masu kama da na gidan caca. Duk da haka, wasan na ɗauke da shaidar cewa ya dace da kowane mai shekaru, sai ɗan gargaɗi a gefe. A gidan da uba ke Abuja kwana biyar a mako, katinsa kuma na maƙale a asusun na'ura, rigakafi ya fi magani.

Ƙarshen abin ma da wa'adinsa. Duk abin da aka gina a bana ba ya bin mutum zuwa zubin baɗi; daga 60 za a sake farawa. Kuma kamfanin kan rufe kwamfutocin kowane zubi bayan shekara biyu da 'yan watanni, kamar yadda aka yi wa 2K23 a ƙarshen 2024. Daga ranar, ɗan wasan da aka kashe wa dubbai ya zama tarihi. Ba mallaka aka yi ba, haya aka kama.

Ga mai shagon gem

Akwai ma'aikata da dama da kan zuba ɗan jari a shagon gem a gida, su ɗora ƙane ko ɗa a kai. A irin waɗannan shaguna, daga Jere har Kafanchan, ƙwallon ƙafa ce sarauniya, kuma da wuya NBA 2K26 ya ture ta. Cikakken wasan kwando, da laifuffuka da jifan fanareti da hutun koci, ya fi wasan ƙwallon ƙafa cin lokaci, alhali mai shago da yawan zagaye yake cin riba. Abin da zai yi masa amfani shi ne sashen Blacktop, wasan titi na mutum ɗaya da ɗaya har zuwa biyar da biyar, wanda ake ƙarewa da an kai makin da aka yanka, ba ya kuma buƙatar intanet. Ko da hakan, zubin bara na hannu zai yi wannan aiki a farashi mai rahusa.

Hukunci

Ga mai PlayStation 5 da ke son mutum biyu su zauna a tabarma ɗaya, kowa da madanni a hannu, ko mai sha'awar tafiyar da ƙungiya, NBA 2K26 wasa ne da ya cancanci yabo, kuma mafi tsabtar motsi da jifa da jerin ya fitar a 'yan shekarun nan. Amma babu dalilin gaggawa. Al'adar wannan wasa ce farashinsa ya faɗi warwas a rangwamen ƙarshen Nuwamba, kuma zubin da ya gabace shi ma a watan Yunin 2025 aka raba shi ga masu rajistar PlayStation Plus ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga mai PlayStation 4 da ke da tsohon zubi, ya riƙe kuɗinsa. Ga wanda burinsa karawar intanet daga garin da sabis ke hawa da sauka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ga kowane uba kuma, abu uku ne kafin a kama hanyar Abuja da asubahin Litinin: a cire katin banki daga na'ura, a buɗe wa yaro asusun yara wanda aka ƙayyade abin da zai iya kashewa, sannan a zauna a yi masa bayanin VC da Naira, ba da lambobin allo ba. Yaron da ya ji cewa ƙarfin ɗan wasansa ya fi albashin masinjan ofishin babansa na wata guda, zai kalli maɓallin saye da wani ido.

A 1891, lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro wannan wasa a Springfield ta Amurka, kwandunan 'ya'yan itace biyu ya kafa a jikin barandar ɗakin motsa jiki. Masai Ujiri, bayan ya kai ƙololuwar ofis a NBA, abin da gidauniyarsa ta Giants of Africa, wadda aka kafa a 2003, ta sa a gaba shi ne gina filaye 100 a faɗin Afirka, domin ya san daga inda 'yan wasa ke fitowa. Naira 75,000 da za ta ƙare a takalmi da tsallen ɗan wasan da ke cikin allo, za ta yi nisa a wurin mai walda a bakin hanyar Jere: zoben ƙarfe, da allon katako, da turke, da ƙwallon roba guda. Wannan kwandon ba ya neman data, ba ya jiran a kawo wuta, kuma babu wani kamfani a ƙetare da zai sanar da ranar rufe shi.